Peter Sellers: ɗan rediyon da ya shiga fim da muryoyinsa

Tambaya: Malam, ina cikin masu wasan kwaikwayo a wani gidan rediyo, kuma kullum ana ce mana wanda ya saba da makirfo ba ya iya tsayawa gaban kyamara. Sai na ji an ce Peter Sellers, wanda ya fito a matsayin Sufeto Clouseau a finafinan Pink Panther, asalinsa ɗan rediyo ne. Shin gaskiya ne? Yaya rayuwarsa ta kasance, kuma me ya sa ake cewa ba shi da halin kansa?

Amsa:

Gaskiya ne, ƙanena, kuma ba leƙa rediyon ya yi ya wuce ba. Daga 1951 zuwa 1960 yana cikin mutum ukun da suka riƙe The Goon Show, shirin barkwanci na BBC wanda har yau masu ban dariya a Birtaniya ke kiran kansu jikokinsa. A nawa ganin ma bai taɓa barin rediyo ba, kayan aikinta ya kwasa ya shiga da su gaban kyamara. Murya yake fara nema. In ya same ta, ita za ta gaya masa yadda mutumin yake tafiya, irin rigar da yake sawa, da abin da yake jin tsoro. Shi da kansa ya sha faɗin haka a hirarrakin da aka yi da shi.

An haife shi ranar 8 ga Satumba, 1925, a Southsea, gefen birnin Portsmouth da ke gaɓar tekun kudancin Ingila. Sunan da aka rubuta masa Richard Henry, amma iyayensa Peter suke kiransa, sunan wansa da aka haifa babu rai. Wato tun daga zanen goyo sunan wani yake amsawa. Iyayen 'yan wasan dandamali ne masu yawo gari-gari, uban yana kaɗa fiyano, uwar, Peg, ta gaji sana'ar daga gidansu. Shi kaɗai gare ta, ta kuwa shagwaɓa shi shagwaɓar da ta bi shi har kabari. Ita Bayahudiya ce, mijinta ɗan cocin Ingila, yaron kuma aka sa shi makarantar Katolika a arewacin Landan. Karatu bai yi nisa ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke suka koma Ilfracombe a Devon, inda ya yi 'yan aikace-aikacen bayan labule a gidan wasa, ya kuma koyi kiɗan ganga har ya ƙware. Kada ka raina wannan ganga. Mai ban dariya da bai san inda zai dakata ba ya yi asarar rabin aikinsa, makaɗi kuwa lissafin dakatawa shi ne abincinsa.

A 1943 ya shiga rundunar sojan sama. Idonsa ba shi da ƙarfi, don haka tuƙin jirgi ya wuce shi, sai ya samu shiga ƙungiyar masu nishaɗantar da sojoji, aka yi ta yawo da su Indiya da Silon (Sri Lanka ta yau) da Burma. A can ya riƙa wani ganganci da ya isa a gurfanar da shi kotun soja: ya liƙa gashin baki, ya sa kakin babban hafsa, ya shiga ɗakin cin abincin hafsoshi yana magana da muryarsu, ba wanda ya gane ƙaramin soja ne.

Yadda ya shiga BBC ma da irin wannan dabara ce. A 1948 ya gaji da jiran amsa, sai ya buga wa wani furodusa mai suna Roy Speer waya da muryar Kenneth Horne, tauraron rediyo na lokacin, yana yabon wani yaro wai shi Sellers, yana cewa a gwada shi. Da hira ta yi nisa ya faɗi gaskiya. Speer ya zage shi, ya kuma ba shi aiki. Cikin ɗan lokaci muryarsa ta zama ta yau da kullum a shirye-shirye irin su Ray's a Laugh na Ted Ray.

Yanzu ga inda ya fi shafarka. A wata mashaya ta Jimmy Grafton da ke Landan yake haɗuwa da Spike Milligan da Harry Secombe da Michael Bentine. Dukansu tsofaffin sojoji ne, Milligan ma da raunin ƙwaƙwalwa ya dawo daga fagen daga a Italiya. Shirinsu ya fara fita ranar 28 ga Mayu, 1951, da sunan Crazy People, daga baya ya koma The Goon Show, Bentine kuma ya fice bayan zango na biyu. Milligan ke rubuta mafi yawan labaran, Secombe ke fitowa a matsayin Neddie Seagoon, wawan kirki da kowa ke damfara, sauran duniyar shirin kuwa yawancinta a maƙogwaron Sellers take. Shi ne Manjo Bloodnok, hafsa matsoraci mai son banza da ciwon ciki. Shi ne Grytpype-Thynne, ɗan damfara mai lallausar murya irin ta manyan gida, wadda ya aro daga jarumin fim George Sanders. Shi ne Henry Crun, tsohon da kafin ya ƙare jimla ya manta farkonta. Shi ne kuma Bluebottle, yaro ɗan sikawut mai siririyar murya wanda kusan kowane mako sai bam ya tashi da shi. Sau da yawa biyu daga cikin waɗannan suna gardama a fage guda, mutum ɗaya ne ke tambaya yana ba kansa amsa, mai sauraro a gida kuma bai san haka ba.

Kai da ka san ɗakin naɗar shiri ka san abin da hakan ke buƙata. Sauya murya shi ne mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne kowane hali yana da nasa numfashin, da nasa saurin magana, da tazarar da yake tsayawa daga makirfo. Crun yana jan numfashi a tsakiyar kalma, Grytpype yana matsowa dab da makirfo yana magana kamar mai raɗa, Bloodnok yana ja da baya yana kururuwa. Ranar Lahadi suke naɗar shirin a gaban 'yan kallo, da takardu a hannu, don haka dole kunne ɗaya na kan abokin wasa ɗaya na kan dariyar jama'a, don in ka yi magana a kan dariya layinka ya mutu. Shekara tara yana wannan.

Abin da shirin ya gano shi ne rediyo ba ta da kasafin kuɗin da zai hana ta komai. A wani mako an lallaɓi Seagoon ya yi wa mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa inshorar gobara. Wane darakta ne zai iya nuna wannan a majigi a 1957? A rediyo kuwa ƙarar ruwa da ƙyasta ashana sun wadatar. Sashen BBC na haɗa sautuka ma sai da ya ƙirƙiro wa cikin Manjo Bloodnok nasa rugugin na musamman. A ƙarƙashin shirmen akwai haushin ƙananan sojoji da suka sha umarnin banza daga hafsoshi, shi ya sa duk mai muƙami a shirin, ko janar ko minista ko ɗan sanda, ɓarawo ne ko wawa. Wanda ya taso da Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, shi ma tsohon soja wanda wasansa ya ratsa rediyo da talabijin a Kaduna, zai gane cewa ba mai iya yi wa bariki dariya kamar wanda ya kwana a cikinta. Sarki Charles na yanzu tun yana yaro yake mutuwar son shirin, 'yan ƙungiyar barkwanci ta Monty Python kuma ba su ɓoye cewa daga nan suka sha ba.

To, masu ce muku ɗan makirfo ba ya iya kyamara suna da rabin gaskiya, kuma Sellers ya ɗanɗana wannan rabin. Finafinansa na farko a farkon shekarun 1950 ba su da abin a zo a gani. Ɗan rediyo bai san inda zai kai hannuwansa ba, ya saba tura komai ta baki, fuskarsa kuma ko dai ta daskare ko ta yi yawa. Fim ana ɗaukarsa gutsi-gutsi, a fara da ƙarshe a dawo farko, ba mai yi maka dariya sai ma'aikata da suka ƙosa su tafi gida, a kuma ce ka maimaita sau goma. Wannan maimaitawar ba ta taɓa yi wa Sellers daɗi ba. An san shi da cewa ɗauka ta farko ko ta biyu ita ce mafi kyau, daga nan sai ya yi ta dusashewa. Har muryarsa aka fi nema a lokacin: shi ya yi muryar Winston Churchill a fim ɗin The Man Who Never Was na 1956 ba tare da an ga fuskarsa ba.

Makarantarsa ta gaske ita ce The Ladykillers na 1955, inda ya samu ƙaramar rawa kusa da Alec Guinness, mutumin da yake ganin girmansa ƙwarai. Ka kalli fim ɗin za ka ga Sellers bai yi fice ba, kallon Guinness yake yi yana koyon yadda ake rage komai. Sakamakon ya fito a 1959 cikin I'm All Right Jack, inda ya fito a matsayin Fred Kite, wakilin ƙungiyar ƙwadago a wata masana'anta. Ya aske gefen kai, ya bar ɗan guntun gashin baki, ya samo muryar mutumin da ya karanta 'yan littattafai kaɗan yana jefa manyan kalmomi a inda ba wurinsu ba. Bai yi wasan don a yi dariya ba. Kite ya yarda da kowace kalma tasa, har ma ka ji tausayinsa ranar da matarsa ta yi nata yajin aikin ta bar shi da tulin kwanuka. Wannan rawa ta ba shi kyautar BAFTA ta gwarzon jarumin Birtaniya. A shekarar kuma ya fito a mutum uku cikin The Mouse That Roared, har da sarauniyar wata 'yar ƙaramar ƙasa, Amurkawa suka fara saninsa.

In kana son ganin aikin rediyo tsagwaronsa a cikin fim, nemi Dr. Strangelove na Stanley Kubrick, wanda ya fito a Janairun 1964, ana tsakiyar fargabar yaƙin nukiliya. Sellers ya yi mutum uku: hafsan sojan saman Birtaniya, shugaban Amurka, da masanin makamai Bajamushe a keken guragu, wanda ya aro muryarsa daga wani mai ɗaukar hoto, Weegee, da ke aiki a wurin ɗaukar fim ɗin. An so ya yi na huɗu, matuƙin jirgi ɗan Texas, amma ya ji rauni a ƙafa, karin harshen ma ya ba shi wuya, aka ba Slim Pickens. Akwai fagen da shugaban Amurka ya buga wa takwaransa na Tarayyar Sobiyet waya don ya shaida masa cewa wani janar ya haukace ya tura jirage su jefa wa ƙasarsa bam. Ba a nuna na Moscow ba, ba a ma jin muryarsa. Sellers na zaune riƙe da kan waya, yana roƙon mutumin ya rage ƙarar kiɗa, suna gaisuwar lafiya lau lafiya lau, yana lallashinsa kamar mai lallashin aboki da ya bugu, har suka koma gardamar wa ya fi wani jin baƙin cikin abin da ya faru. Daga dakatawar Sellers kaɗai kake gane me ake ce masa a can. Ya gina mutum na biyu da shiru. Kubrick ya san halinsa, sai ya riƙa kafa kyamara fiye da ɗaya don kada abin da zai ƙirƙira nan take ya kuɓuce. An zaɓe shi takarar Oscar da wannan fim.

Clouseau kuwa sa'a ce ta kawo shi. Peter Ustinov aka ba rawar a The Pink Panther na 1963, ya janye dab da fara aiki, darakta Blake Edwards ya ɗauko Sellers. David Niven ne ya kamata ya zama tauraron fim ɗin, sufeton Faransa mai tuntuɓe ya ƙwace masa. A nan ne Sellers ya koyi ban dariya da jiki, amma lura da abin da ke riƙe da wasan: Clouseau bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya faɗi, ya tashi, ya gyara kwat, ya ci gaba da bayani kamar ƙasan ce ta yi masa rashin kunya. Daga fim na biyu, A Shot in the Dark na 1964, karin Faransancin ya yi kauri har Faransawan cikin labarin ba sa gane shi, aka kuma shigo da Herbert Lom a matsayin shugabansa Dreyfus da Burt Kwouk a matsayin yaron gidansa Cato. A na 1976 akwai inda ya tambayi mai masauki ko karensa na cizo, tsohon ya ce a'a, ya kai hannu kare ya cafke shi, sai tsohon ya ce ai wannan ba karensa ba ne. Rufe ido ka saurara, dariyar ba ta ragu ba.

Akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba, musamman ga mu masu kallon finafinan Indiya. Fiye da sau ɗaya ya shafa wa fuskarsa launi ya fito a matsayin Ba'indiye, misali likita a The Millionairess na 1960 tare da Sophia Loren, da ɗan wasa mai ɓarin aiki a The Party na 1968. Kunnensa ya kama karin da kyau, tun zamansa a Indiya, kuma mutanen da ya fito a matsayinsu masu kirki ne. Amma 'ya'yan Indiyawa da Pakistan da suka taso a Ingila sun sha tsokana a makaranta da wannan murya. Waƙar da ya yi da Loren, Goodness Gracious Me, ita ce wasu 'yan wasa 'yan asalin Indiya, irin su Sanjeev Bhaskar da Meera Syal, suka ɗauki sunanta suka sa wa nasu shirin a rediyon BBC a 1996, suka juya dariyar kan Turawa. Mu ma a wasanninmu ana kwaikwayon Hausar Bagwari da ta Bayarabe, don haka ka riƙa tambayar kanka wa zai ɗauki muryar da ka ƙirƙira ya je ya tsokani ɗan wani da ita.

Batun cewa ba shi da halin kansa, daga bakinsa ya fito. Ya sha faɗa, har a The Muppet Show ya ce a da akwai shi, amma an yi tiyata an cire. Ni ban karɓi maganar gaba ɗaya ba. Yana da hali, sai dai ba mai daɗin zama ba ne, kuma cewa babu shi hanya ce mai sauƙi ta kauce wa alhaki. Aure huɗu ya yi: Anne Howe, Britt Ekland, Miranda Quarry, Lynne Frederick. Na farko ya mutu bayan ya ƙwallafa rai a kan Sophia Loren har yana faɗa wa matarsa. Ekland kuwa ko mako biyu ba su yi da haɗuwa ba aka ɗaura, a Fabrairun 1964. Ɗansa Michael ya rubuta irin fushi da fashe-fashen kaya da suka gani a gida. Ga camfi: ba ya son ganin koren launi a wurin aiki, yana kuma neman shawarar wani ɗan duba kafin ya karɓi fim. A Casino Royale na 1967 ya ƙi tsayawa a fage guda da Orson Welles, ya kuma bar aikin bai ƙare ba. Shi da Blake Edwards sun yi shekaru ba sa ga-maciji, buƙatar kuɗi ce ta sake haɗa su a 1975, bayan jerin finafinansa sun faɗi. Pink Panther uku suka yi a jere zuwa 1978, suka dawo masa da arziki.

Lafiya ma ba ta bar shi ba. A Afrilun 1964 zuciyarsa ta buga sau da dama a jere a Hollywood, yana tsakiyar fim da darakta Billy Wilder, aka maye gurbinsa da wani. Yana da shekara 38 a lokacin. A 1977 aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya.

Rawar da ya fi so ita ce wadda ya daɗe yana bibiya tun fitowar littafin Jerzy Kosinski a 1971: Chance na Being There, mai kula da lambu wanda bai san komai ba sai abin da ya gani a talabijin, amma manyan Washington suka ɗauki maganganunsa na shuka da damina a matsayin hikimar tattalin arziki. Hal Ashby ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 1979. Mutumin da ya yi suna da tarin muryoyi ya zauna ya kankare murya guda har ba ta da gari ba ta da aji, da ɗan kamannin ta tsohon ɗan wasan barkwanci Stan Laurel. Wannan ya fi Bluebottle wuya, domin babu abin ɓuya a bayansa. Ya ci Golden Globe, aka sake zaɓarsa takarar Oscar, Dustin Hoffman ya ɗauka. Ya ji zafin yadda aka liƙa guntayen kurakuransa yana ƙyalƙyala dariya a ƙarshen fim ɗin, yana ganin sun karya sihirin, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Ranar 22 ga Yuli, 1980, ya yanke jiki ya faɗi a otal ɗin Dorchester da ke Landan, ana shirin ya haɗu da Milligan da Secombe su ci abincin dare. Ya rasu ranar 24 ga wata a asibitin Middlesex yana da shekara 54. Ya bar wasiyyar a sa kiɗan In the Mood na Glenn Miller a wurin jana'izarsa saboda ya tsani kiɗan, aka kuwa sa. Kusan duk dukiyar ta tafi ga Lynne Frederick, 'ya'yansa uku suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. A 1982 aka haɗa guntayen da aka yar daga tsofaffin finafinai aka fitar da Trail of the Pink Panther, Frederick ta kai ƙara ta ci sama da dala miliyan ɗaya.

In za ka nazarce shi don aikinka, fara da I'm All Right Jack, sannan Dr. Strangelove, sannan Being There, ka bar Clouseau na shekarun 1970 a ƙarshe don a nan ya fi sakaci. The Goon Show har yanzu tashar BBC Radio 4 Extra tana maimaita shi. Turancinsa yana da sauri kuma cike yake da zaurancen bariki na shekarun 1950, ba lalle ka kama kowace dariya ba, don haka ka nemi rubutaccen labarin ka riƙe a hannu, ka sa alama a duk layin da Sellers ya faɗa.